Kalmomin Ingilishi da Ma'anoninsu a Fagen Wasa Ƙwaƙwalwa



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka riƙe baki, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da kalmomin Ingilishi, balle kuma a ce na wasa. Amsa ita ce, wanda sana'arsa nazarin harshe, duk inda ya ga ana juya kalma, ana kwance ta ana ɗaure ta, to, nan kasuwarsa ta ci. Harshe ba ya tona asirinsa a ko'ina kamar yadda ya ke yi a wurin wasa. A takardar ofis a kan turke kalma ne ta tsaya a kan ma'ana guda, amma a wurin wasa da gangan a ke sakinta ta yi kiwo, sai ka ga duk ma'anonin da ta ke ɓoye da su sun fito fili. Bahaushe ya san haka tun kafin zuwan boko, domin yana da kacici-kacici da zaurance da salon magana mai karya harshe. Sai dai namu na kunne ne, da baki a ke yin sa a dandali. Na mutanen Ingila da Amurka kuwa, wanda za mu duba yau, na ido ne, a kan takarda a ke yin sa, kuma harafi shi ne jarinsa.

Kafin mu shiga wasannin kansu, ya kamata mu san abin da ya sa Ingilishi ya dace da su ƙwarai. Dalilin yana cikin tarihinsa. Asalin harshen na waɗansu ƙabilu ne da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Daga gare su aka gaji kalmomin yau da kullum, gajeru masu ƙarfi, irin su "house" da "bread" da "water". Daga baya mayaƙan teku na ƙasashen Denmak da Norwe suka zo suka bar nasu, kamar "sky" da "egg" da "window", har da wakilin suna "they". Sa'an nan a shekarar 1066 sai Wiliyam, sarkin Normandi, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnuka. Talaka yana kiwon "cow" da "sheep" da harshen iyayensa, in an yanka an kai gaban basarake sai naman ya koma "beef" da "mutton" da harshen masu mulki. A kan wannan kuma sai malaman coci da na jami'a suka yi ta ɗibar kalmomi daga Latin da Girkanci. Abin da ya haifar shi ne, sau da yawa ma'ana guda tana da kalmomi uku, kowace da matsayinta. Alal misali "ask" ta gida ce, "question" ta zo daga Faransanci, "interrogate" kuwa daga Latin, kuma duk wanda ya taɓa shiga hannun 'yan sanda ya san ba ɗaya su ke ba. Haka "kingly" da "royal" da "regal". Mai shirya wasa ƙwaƙwalwa ba abin da ya ke so kamar wannan yalwa, domin in ya ba ka ma'ana, sai ka tsaya kana lalube tsakanin kalmomi huɗu ko biyar kafin ka gane wadda ya ke nufi.

Dalili na biyu shi ne rikicin rubutunsu. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, a daidai lokacin da lafazin dogayen wasulan harshen ke sauyawa. Rubutu ya daskare, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. Shi ya sa har yau a ke rubuta "k" a farkon "knee" da "knife" alhali an daina furta ta tun da daɗewa. Waɗansu malamai ma sun ƙara dagula al'amari don nuna sani: sun cusa "b" a cikin "debt" domin a tuna da asalinta na Latin, ko da ya ke ba wanda ya taɓa furta ta. Ku dubi haruffan nan huɗu, o, u, g, h, yadda a ke karanta su a "though" da "through" da "tough" da "cough" da "bough". Rubutu ɗaya, lafazi biyar. Ga kuma akasin haka, "right" da "write" da "rite", lafazi ɗaya, rubutu uku. Wannan azaba ce ga ɗan makaranta, amma ga mai wasa garaɓasa ce.

To, bari mu zo ga wasan farko, wanda Turawa ke kira "crossword", ni kuwa zan kira shi giciyen kalmomi. Fasalinsa kamar gidan dara ne, an zana gidaje farare da baƙaƙe, ana cike fararen da haruffa, waɗansu kalmomi a kwance waɗansu a tsaye, suna gitta juna. A gefe kuma an jera matashiya, watau bayanin da zai kai ka ga kowace kalma. Wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne, haifaffen Libaful wanda ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fitar da littafin farko na irin wannan wasa, aka yi ta rububinsa. Jaridar New York Times a lokacin raina abin ta yi, ta ɗauke shi ɓata lokaci, ba ta sauko ba sai a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Yau kuwa nata ne ya fi shahara a Amurka. The Times ta Landan ta fara nata a 1930.

Irin na Amurka kai tsaye ya ke. A ba ka ma'ana, ka kawo kalma. Wahalarsa ita ce kusan kowane harafi sai ya shiga kalma biyu, ta kwance da ta tsaye, saboda haka mai shiryawa ya kan matsu da gajerun kalmomi masu yawan wasali don su toshe masa gurbi. Daga nan aka sami wani rukunin kalmomi da kusan ba su da rayuwa sai a cikin wannan wasa. Akwai "erne", wata gaggafar bakin teku. Akwai "etui", ɗan kurtun ajiye allura. Akwai "adit", ƙofar shiga ramin haƙar ma'adini, da "epee", wani siririn takobi na wasa, da "anoa", wani ɗan ƙaramin ɓauna na ƙasar Indunusiya. Mutum zai shekara hamsin a Landan bai ji an furta ko ɗaya daga cikinsu a kasuwa ba. Ina jan kunnen ɗalibai a nan: wanda ya kwashi irin waɗannan ya zuba a takardar jarrabawa don burge malami, dariya zai jawo wa kansa.

Na Ingila shi ne ya fi jan hankalina, kuma a kansa zan ɗan daɗe, domin shi ne ɗan'uwan kacici-kacicinmu na haƙiƙa. Suna kiran sa "cryptic", watau mai ɓoyayyar ma'ana. Wanda ya kafa shi wani marubuci ne, Edward Powys Mathers, da ya fara shirya wa jaridar The Observer a 1926 da sunan aro Torquemada, sunan wani alƙalin cocin Sifen da ya yi ƙaurin suna wajen gana azaba. Kun ga tun daga sunan ya faɗa wa masu karatu abin da ya tanadar musu. Magajinsa, Derrick Macnutt, wanda a ke kira Ximenes, shi ya tsara wa wasan ƙa'idoji a wani littafi da ya wallafa a 1966. Babbar ƙa'idar ita ce adalci. An yarda mai shiryawa ya yaudare ka, amma ba a yarda ya yi maka ƙarya ba. Kowace matashiya tana da ɓangare biyu, ɗaya ma'anar kalmar, ɗaya kuma dabarar da za ka bi ka gina ta, an ɗinke su sun zama jimla guda mai kama da zancen yau da kullum.

Bari in kawo misalai. A ce maka "Bird in the museum", haruffa uku. Wanda bai saba ba zai tafi tunanin gidan tarihi da tsuntsayen da aka busar aka ajiye. Ba can amsar ta ke ba. Kalmar "in" ita ce ke gaya maka cewa tsuntsun yana kwance a cikin haruffan da ke gabanka. Ɗauki harafin ƙarshe na "the", ka haɗa da biyun farko na "museum", sai ga "emu", tsuntsun nan na Ostareliya mai kama da jimina. Ko a ce "Silent, disturbed, pay attention", haruffa shida. Kalmar tsakiya umurni ce ka birkita haruffan kalmar farko, in ka birkita su sai su ba ka "listen", watau saurara. Ko kuma "Depart with permission", haruffa biyar. Nan ba a birkita kome ba, ma'ana biyu aka jera na kalma guda, "leave", wadda ke nufin tashi, ta ke kuma nufin izini. Ma'aikatan da ke zauren nan sun san mata ma'ana ta uku, wadda su kan cike takarda su nema sau ɗaya a shekara.

Ga wanda na fi so. A wannan wasa in ka ga "flower", kada ka yi saurin cewa fure. Mai yiwuwa ne an ɗauki aikatau "flow", gudana, aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar nan "er" mai nuna mai aikatawa, ya zama mai gudana, watau kogi. To, in na ce muku "Flower of Lokoja", haruffa biyar, me za ku rubuta? Wani zai ce "Niger", wani ya ce "Benue", kuma dukansu sun yi daidai, domin a Lakwaja kogunan biyu suka haɗu, kowanne kuma haruffansa biyar a rubutun Turanci. A nan ne amfanin giciyen ya ke. Sai ka warware kalmar da ta gitta ta, in ta ba ka "g" a gida na uku ka san Kwara ce, in ta ba ka "n" ka san Binuwai ce. Haka "number" ta kan zama abin da ke sa jiki ya mutu, watau allurar kashe zafi, domin "numb" shi ne mutuwar jiki. Sa'ad da na ke karatu a Ingila na sha ganin dattawa cikin jirgin ƙasa da safe, kowa ya naɗe jaridarsa gida huɗu, alƙalami a hannu, ba mai ce wa wani uffan, sai ka ga ɗaya ya yi murmushi shi kaɗai. Irin wannan tarko ne ya gano.

Kada a ɗauka abin ya tsaya ga nishaɗi. A farkon 1942 jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin minti 12, daga baya hukumar soja ta tuntuɓi waɗansu daga cikin waɗanda suka shiga, ta ɗauke su aiki a Bletchley Park, inda a ke kwance saƙonnin asiri na Jamusawa. A 1944 kuma, 'yan makonni kafin sojojin ƙawance su sauka Normandi ranar 6 ga Yuni, sai ga kalmomin sirri na wannan shiri suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a wasan jaridar nan: "Utah", "Omaha", "Overlord", "Mulberry", "Neptune". Jami'an tsaro suka je suka titsiye mai shiryawa, wani shugaban makaranta mai suna Leonard Dawe, ba su same shi da laifi ba. Bayan shekaru wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa malamin ya kan sa yara su kawo masa kalmomi, su kuwa yaran a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar su ke tsintowa.

Wasa na biyu shi ne Scrabble, wanda na tabbata da yawa daga cikinku sun taɓa bugawa a ɗakin kwanan ɗalibai ko kulob ɗin ma'aikata. Wani mai zanen gine-gine a Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙago shi a shekarun 1930, lokacin da karayar tattalin arziki ta raba shi da aikinsa. James Brunot ne ya raɗa masa wannan suna ya fara sayar da shi a 1948. Allon yana da gida 225, sha biyar a kwance sha biyar a tsaye. 'Ya'yan wasan 100 ne, 98 masu harafi, 2 ba kome a kansu, su kan tsaya a madadin kowane harafi. Kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, in ya zubar da su duka a kalma guda a ƙara masa maki 50. Hikimar Butts tana wajen rabon haruffa. Zama ya yi ya ƙidaya yawan fitowar kowane harafi a rubutun Ingilishi, ya ba wanda ya fi yawa ƙaramin maki, wanda ya fi wuya babban maki. Shi ya sa "E" guda 12 ce, kowace maki ɗaya, "A" da "I" tara-tara, amma "Q" da "Z" ɗaya-ɗaya ne, kowace maki 10. Harafin "S" kuwa, ko da ya ke yana da yawa a harshen, guda 4 kaɗai ya saka, domin da shi a ke jam'i, in ya yi yawa wasan zai yi arha.

A nan ne wata tambaya ta taso wadda ta shafi sana'ata kai tsaye: mece ce kalma, kuma wa ke da ikon cewa wannan kalma ce, waccan ba kalma ba ce? A Scrabble an yanke gardama da jerin kalmomi. Amurka da Kanada suna da nasu, wanda ya samo asali daga ƙamusun da kamfanin Merriam-Webster ya fitar don 'yan wasa a 1978. Sauran duniya, har da Nijeriya, da jerin kamfanin Collins a ke gasa, mai kalmomi sama da 270,000. Ku gwada wannan da kiyasin masana cewa Baturen da ya yi karatu ya san tushen kalmomi kimanin 20,000. Abin da ke cikin jerin ya halatta, abin da babu ya haramta, ko da kowa na faɗinsa a titi. Jerin kuwa mutane ne ke yin sa, su ƙara su rage. A 2020 ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta Arewa ta cire kalmomin zagi da cin mutuncin jinsi sama da 200 daga nata, aka yi ta ce-ce-ku-ce, waɗansu na cewa ai a kan allo kalma ba ta da ma'ana, haruffa ne kawai.

Wannan hujja tasu ita ce ainihin halin wasan. Gwanin Scrabble ya kan fara ne da haddace kalmomi masu harafi biyu, waɗanda a jerin Collins sun ɗara 120, domin da su a ke jingina kalma a jikin kalma. Akwai "aa", wani irin dutsen aman wuta, daga harshen mutanen Hawai. Akwai "xu", ƙaramin kuɗin Biyetnam, da "zo", wata saniyar ƙasar Tibet, da "qi", daga Sinanci, wadda ke ceton wanda "Q" ta maƙale wa ba shi da "U". Waɗansu kuma daga cikin kalmomin da ke ba 'yan wasan Ingila wuya, mu a wurinmu 'yan gida ne. "Qadi" ba kowa ba ne illa alƙali, daga Larabci muka aro mu da su. Haka "zakat" da "hajj" da "emir". "Naira" da "kobo" sun halatta, haka "mallam", wadda daga bakinmu ta shiga. Amma a yi hattara, domin "boko" ma tana ciki, sai dai ba tamu ba ce, wata tsohuwar kalmar barkwanci ce ta Ingila mai nufin hanci. Tun da na ambaci Larabci, ku lura cewa "sugar" da sukarinmu uwa ɗaya ta haife su, haka "zero" da "cipher" da sifirinmu.

Shin tilas ne ɗan wasa ya san ma'anar abin da ya ajiye? Ko kusa. Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, wanda ya ci gasar duniya ta Ingilishi sau da dama, ya je ya ci ta Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin mako tara. A 2024 ya maimaita haka da Sifaniyanci. 'Yan ƙasar Tailan sun ci gasar duniya ta Ingilishi a 2003 da 2009. A 2015 ɗin nan dai, a birnin Perth na Ostareliya, ɗan Nijeriya Wellington Jighere ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa huɗu ba ko ɗaya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin duniya, har Shugaba Muhammadu Buhari ya buga masa waya ya taya shi murna. Wannan abin alfahari ne, kuma ba da ka aka same shi ba, an sha horo da hadda da lissafi. Amma ina so mu kira abin da sunansa. Gwanintar Scrabble gwanintar hadda ce da ƙidaya da iya tsare gida, ta fi kusa da dara a kan ta kusanci adabi. Mu da muka tashi a ƙasar da a ke girmama hadda mun san darajarta, mun kuma san cewa mai hadda daban, mai fassara daban.

Na tsaya a kan wannan ne domin akwai wata cuta da ta daɗe tana damun Turancin ɗalibanmu da na ofisoshinmu, watau ɗaukar cewa yawan kalmomi da tsawonsu shi ne sanin harshe. Sai ka ga takardar neman hutun kwana uku an cika ta da kalmomin Latin masu gaɓa biyar-biyar. Alhali kuwa wuyar Ingilishi ba a dogayen kalmomi ta ke ba. Doguwar kalma galibi ma'anarta ɗaya ce, kuma in ka san saiwoyinta ka kwance ta: "port" ɗauka ce, saboda haka "export" fitarwa, "import" shigowa da kaya, "transport" ƙetarar da su, "portable" abin da ke ɗaukuwa. Wanda ya riƙe saiwa talatin ko arba'in na Latin da Girkanci ya sami mabuɗin dubban kalmomi. Gajerun su ne masu kayar da mutum. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa a 1884 ba a kammala ba sai 1928, a bugunsa na biyu na 1989 mai juzu'i 20 ya ba "set" ma'anoni sama da 400. Da aka sake bitar "run" a 2011, sai da aka lissafa mata 645 a matsayin aikatau kaɗai. Haruffa uku-uku ne fa.

Ku ɗauki kalmomin da ke yawo a kan teburanku kullum. "Minute" minti ce ta agogo, ita ce kuma ɗan bayanin da a ke rubutawa a fayil, in an sauya lafazi kuma ta zama abu ɗan mitsitsi. "Sanction" tana nufin amincewa, tana kuma nufin takunkumi. "Oversight" sa ido ne a kan aiki, kuma ita ce abin da ido ya tsallake, saboda haka wanda aka ce aikin ya lalace saboda "oversight" ɗinsa sai ya nemi a yi masa bayani. In Baturen Ingila ya ce zai yi "table" ɗin wata magana a majalisa, gabatar da ita zai yi, in Ba'amurke ya faɗi haka, jingine ta zai yi. Mu da muka ari kalmar muka ce tebur, ma'ana ɗaya tak muka ɗauko, ta katako mai ƙafa huɗu, kuma haka aro ya ke a kowane harshe: a kan ɗauko kalma ne da ma'anar da a ke bukata, a bar sauran a gidansu. Hatsarin shi ne mutum ya koma Ingilishi yana zaton abin da ya aro shi ne duka. Ma'ana kuma ba ta zama wuri ɗaya. "Nice" a da wawa ta ke nufi, "silly" kuwa mai albarka, "meat" kowane irin abinci, "deer" kowace dabba. Wanda ke karanta tsofaffin littattafansu bai san haka ba, zai yi ta fassara ba daidai ba yana ganin ya gane.

Saboda haka in ɗalibi ya tambaye ni wanne zai kama don gyaran Turancinsa, zan ce Scrabble zai gyara masa jeranta haruffa, ya sa ya daina tsoron baƙuwar kalma, amma giciyen kalmomi irin na Ingila shi ne zai tilasta masa ya tambayi kowace kalma ma'anarta ta biyu da ta uku. In kuwa Scrabble ɗin ya fi so, to, ya sa wa kansa doka, duk kalmar da ya ajiye ko aka ajiye masa bai san ta ba, ya buɗe ƙamus bayan wasa, ƙamus na sosai mai kawo misali cikin jimla, ba jerin 'yan gasa ba. Akwai kuma na zamani, Wordle, wanda Josh Wardle ya sake a intanet a 2021, New York Times ta saye shi a farkon 2022. Kalma ɗaya ce mai haruffa biyar a kowace rana, a ba ka dama shida ka canka. Yana da daɗi, yana koya wa mutum waɗanne haruffa ke bin waɗanne, amma shi ma ba ruwansa da ma'ana.

Wani zai ce, to, me zai hana a yi irin waɗannan da Hausa? Ba abin da zai hana, sai dai ba a kwafo su yadda su ke. Ta fuskar ma'ana muna da jari, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "fari" a takarda launi ne, rashin ruwan sama ne, jam'in fara ne, kuma mafari ne. "Kuka" itace ce, kuma hawaye ne. "Baba" mahaifi ne, kuma shuni ne na marina. Mai shirya matashiya mai harshen damo ba zai rasa abin yi ba. Matsalar tana wajen allo. Kusan kowace kalmar Hausa da wasali ta ke ƙarewa, kuma baƙi da wasali bi da bi su ke zuwa, harafin "a" ya rinjayi kowa nesa ba kusa ba, don haka rabon Butts ba zai yi mana aiki ba. Sai an zauna an ƙidaya namu haruffan daga jaridu da littattafai kamar yadda ya yi. Sai an yanke shawara ko "sh" da "ts" gida ɗaya za su ci ko biyu, a kuma yanka wa ɓ da ɗ da ƙ da 'y nasu 'ya'yan da makinsu. Sa'an nan a zo ga babbar gardama, watau jerin da za a yi hukunci da shi. Ƙamusun Bargery na 1934 yana da kalmomi wajen 39,000, amma da yawa sun tsufa, ba shi kuma da abin da ya shigo bayansa. Na Jami'ar Bayero na 2006 ya fi kusa da mu. Ko da an zaɓi ɗaya, sai an faɗa mana ko Basakkwace zai iya ajiye "hwari" a inda Bakano zai ajiye "fari", da kuma ko kowane jam'i na kalma ya halatta, tun da kalma guda ta kan yi jam'i biyu ko uku. Ƙidayar haruffan dai ba ta fi ƙarfin ɗalibin shekarar ƙarshe mai kwamfuta ba, kuma in akwai mai neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ofishina a buɗe ya ke ranar Litinin da Laraba.